Wasannin Waya Da Kwamfuta: Wa Ake Ɓoye Wa, Ɓarawo Ko Ɗalibi?

Kwanakin baya wata hidima ta 'yan uwa ta kai mu Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda muka yi kwana uku. Kamar yadda aka saba a garuruwanmu na karkara a yanzu, duk wanda wutar wayarsa ta ƙare sai ya nufi rumfar masu caji, inda za ka ga faifan sola a kan rufi, wayoyi kuma jere a kan teburi kowace da igiyarta. A irin wannan rumfa muka tarar da wani matashi, ɗan wani amininmu, wanda ya yi karatunsa na sakandare a Maraɗi sannan ya dawo gida ya kama wannan sana'a. Ban da caji, shi ne ke tura wa jama'a wa'azi da karatun Alƙur'ani da fina-finai da waƙoƙi a memori, yara kuma su zo da wayar yayyensu a zuba musu wasanni. Da hira ta yi hira sai ya kawo mana wani kuka da muke ganin ya fi ƙarfin rumfar caji, shi ya sa muka kawo shi wannan fili.

Akwai wani ɗan wasa na tambaya da amsa da ƙannensa ke so ƙwarai, wanda ke koyar da lissafi da sunayen dabbobi da na ƙasashe, amma dukkansa da Faransanci aka yi shi, yaran kuwa ba su yi nisa a lakwal ba, sai dai su yi ta danne-danne bisa cinta. Sai ya ga ai abu ne mai sauƙi ya fitar da tambayoyin ya mayar da su Hausa ya mayar musu ciki. Ya kwafi wasan zuwa wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da yake da ita, ya warware ƙunshinsa, ya ga hotuna, ya ga sauti, amma tambayoyin ko sama ko ƙasa. Da ya matsa bincike sai ya gano suna can cikin cikin manhajar kanta, an dagula su sun koma tarin alamomi da lambobi marasa kai balle gindi. Ya shafe makonni yana fama, daga ƙarshe ya haƙura. Ya ce mana, “Kawu, wallahi ni ba sata zan yi ba. Wasan nan ko yanzu ina tura shi a waya goma kafin ka gama shan shayi. Abin da nike so kawai yaran nan su gane abin da ake tambayarsu.” Ya ƙara da cewa ya nemi adireshin wanda ya yi wasan domin ya roƙi izini, ya aika saƙo har sau biyu, shiru kake ji.

Domin mai karatu wanda harkar kwamfuta ba ta dame shi ba, bari mu ɗan yi bayanin abin da ya faru da wannan yaro. Duk wata manhaja, ta wasa ce ko ta aiki, mutum ne ke zaunawa ya rubuta ta da wani yare na musamman wanda duk wanda ya koya zai iya karantawa ya gyara. Wannan shi ake kira rubutun asali. To amma ita na'ura ba ta jin wannan yare kai tsaye, sai an bi da rubutun ta cikin wata manhajar dabam mai aiki kamar injin niƙa, ta mayar da shi lambobi zalla waɗanda na'ura ke ganewa. Abin da ke isowa wayarka shi ne wannan niƙaƙƙen. Manomin Gidan Sori ya san bambancin hatsin da aka ware don iri da wanda aka kai niƙa: na biyun a ci a ƙoshi, amma ba mai shuka gari ya tsira. Sannan kowane wasa yana da kashi biyu. Akwai injinsa, wato dokokin da ke tafiyar da shi, akwai kuma kayan cikinsa, wato kalmomi da tambayoyi da amsoshi da taswira da hotuna da sauti. Mai ƙirƙirar wasa yana da zaɓi: ko ya ajiye kayan cikin a fayil na dabam wanda kowa zai iya buɗewa ya karanta, ko kuwa ya cuɗanya su ya cusa su cikin injin a niƙe su tare. Wanda ya yi wasan da matashin nan ya yi fama da shi, hanya ta biyu ya ɗauka.

Ita kuwa cuɗanyawar, mafi yawan lokaci ba wani abin tsoro ba ce, zaurance ne kawai irin na na'ura. Ana ɗaukar kowane harafi a gauraya lambarsa da wata lamba ta sirri, sai ya fito da wata siffa dabam. Idan wasan ya tashi aiki sai ya sake bi da shi ta wannan lambar, harafin ya dawo yadda yake. A nan ne gizo ke saƙar. Tunda dole wasan ya nuna wa mai wasa tambayar a rubuce, dole ne mabuɗin da ke warware ta ya kasance yana cikin wasan. Wato an sa wa rumbu kwaɗo, an kuma tura mabuɗin ƙarƙashin dutsen da ke bakin rumbun. Duk wanda ya ƙware, yake kuma da lokaci da kayan aiki, zai ɗaga dutsen. Kowa ya san yadda 'yanmata ke zaurance a gaban iyaye suna ganin sun tsira, alhali tsohuwar da ke gefe tana kaɗi ta yi irinsa tun kafin a haifi uwarsu.

Ba za mu yi wa masu wannan ɗabi'a rashin adalci ba, domin suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Na farko, tsoron satar fasaha. Mu da muka ga yadda masu kwafar faya-fayai suka durƙusar da kasuwar fina-finan Hausa, muka ga yadda cinikin kaset da faifai a wurare irin su Ƙofar Wambai ta Kano ya ja baya, ba ma bukatar a gaya mana zafin mutum ya zuba dukiyarsa da guminsa wani ya kwashe ribar. Na biyu, tsoron maguɗi, musamman a wasannin da ake karawa da juna ta intanet, inda wani zai shiga ya ƙara wa kansa maki ko kuɗin wasa. Na uku, kare daɗin wasan kansa, domin kacici-kacicin da aka rubuta amsarsa a bango ya tashi daga kacici-kacici. Duk waɗannan mun yarda da su a matsayin damuwa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne cewa dagula kayan cikin wasa a niƙe su cikin manhaja shi ne maganinsu.

Mu ɗauki batun sata. Maganar da matashin nan ya faɗa mana ita ce amsar baki ɗaya. Mai kwafar wasa ba ya buɗe cikinsa, ba ruwansa da ko an dagula ko ba a dagula ba. Ƙunshin yake ɗauka dungurungum ya tura daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, kamar yadda ɓarawon buhu ba ya tsayawa kwance bakin buhu. Su kuwa manyan ɓarayin fasaha da ke iya ɗaukar wasan wani su sauya masa suna su saka tallarsu, su ne dai ƙwararrun da zaurancen ba ya yi musu wuya. Ke nan kwaɗon bai hana ƙaramin ɓarawo ba, bai hana babba ba. Wanda ya hana shi ne na tsakiya: ɗalibi mai son ganin yadda aka yi, da malamin makaranta mai son gyara tambaya ta dace da yaransa, da mai son fassarawa. Tarihi ma ya nuna haka. Manyan kamfanonin fina-finai na Amurka da na kayan lantarki na Japan sun sa wa faifan DVD makulli domin hana kwafa, amma a 1999 aka ɓalle shi, kuma cikin waɗanda suka yi aikin har da wani yaro ɗan ƙasar Norway, Jon Lech Johansen, wanda a lokacin bai cika shekara 16 ba. Tun daga nan faifan ya zama na kowa, kamar yadda kasuwanninmu suka shaida. In har masu biliyoyin daloli ba su iya ba, ina ga matashin da ke rubuta wasa a ɗakinsa?

Wannan kuwa ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1883 wani masani haifaffen ƙasar Holan da ke koyarwa a Faransa, Auguste Kerckhoffs, ya yi rubutu kan hanyoyin sakaya saƙonnin soja, inda ya kafa ƙa'idar da masana tsaron bayanai ke bi har gobe: kada tsaronka ya dogara ga cewa abokin gaba bai san dabararka ba, ka ɗauka ya sani, abin da za ka tsare shi ne mabuɗi kaɗai. To mai wasan da ya miƙa wa mutum rumbu da kwaɗo da mabuɗi a ƙunshi guda, me ya tsare? Shi ya sa ma batun maguɗi ba a maganinsa ta wannan hanya. Kamfanonin da suka san abin da suke yi suna ajiye maki da kuɗin wasa a babbar kwamfutarsu, ita ke yanke hukunci, ba wayar mai wasa ba. Alƙalin kokawa ba ya barin ɗan kokawa ya rubuta wa kansa sakamako sannan ya ce ya ɓoye takardar a aljihunsa.

Saura hujja ta uku, ta kare daɗin wasa, wadda ita ce muke ganin ta fi ƙarfi, kuma ita ce asalin wannan ɗabi'a. A tsakiyar shekarun 1970 wani Ba'amurke, Will Crowther, ya rubuta wani wasa na rubutu zalla mai suna Adventure, inda mai wasa ke yawo cikin kogo yana neman dukiya yana warware matsaloli. A 1977 Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi, Jim Gillogly kuma ya mayar da shi yaren da ake kira C. A kwafin da aka riƙa rabawa tare da manhajar BSD ta Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, an ɗan dagula kalmomin wasan an cusa su cikin manhajar, don kada mai wasa ya leƙa ya ga amsoshi ya ɓata wa kansa daɗi. Amma abin lura a nan shi ne, daga baya rubutun asalin da fayil ɗin kalmomin a fili suke ga duk mai so. Labule ne aka saka, irin wanda ake sakawa a ƙofar ɗaki don kunya, wanda ya yi sallama zai shiga. Irin wannan ba mu da ja a kansa. Ɓoye amsa ga mai wasa dabam, toshe ƙofa ga mai koyo dabam.

Sannan ga abin da ya faru da waɗanda suka bar ƙofa a buɗe. A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Texas ta Amurka, id Software, ya fitar da wasan Doom. Da yake sun ga yadda masoya suka sha wahala wajen kutsawa cikin wasansu na baya domin su sauya masa fasali, sai suka raba injin dabam, kayan ciki dabam, a fayilolin da ake kira WAD, da gangan domin kowa ya iya ƙera nasa filin wasan. Mutane suka ƙera dubbai, wasu daga cikinsu ta nan suka samu aiki a kamfanonin wasanni. A Disamba 1997 kuma kamfanin ya saki rubutun asalin injin gaba ɗaya. Bai talauce ba, kuma yau fiye da shekara 30 ana buga wasan. Haka shahararren wasan nan Counter-Strike ya samo asali a 1999, lokacin da wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life kwaskwarima. Maimakon kamfanin Valve ya kai su kotu sai ya ɗauke su aiki ya sayi fasaharsu.

Misali mafi kusa shi ne Minecraft, wanda a 2023 masu shi suka ba da sanarwar ya haura kwafi miliyan 300 da aka sayar, kuma kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan biyu da rabi. Shekara da shekaru suna dagula sunayen da ke cikin manhajarsa, masoya kuma suna bi suna warwarewa a duk lokacin da sabon kwafi ya fito. A 2019 kamfanin da kansa ya fara raba jadawalin da ke fassara dagulallun sunayen, a watan Oktoba na 2025 kuma ya ba da sanarwar zai daina dagulawar a nau'in wasan na Java. Wato bayan dogon lokaci sun gano cewa mutanen da suke wahalarwa su ne masu raya musu kasuwa. Hausawa na cewa gani ya kori ji.

To ina ruwan Gidan Sori da duk wannan? Ruwanta kuwa har wuya. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Tun shekarun 1970 ƙasar ke gwajin koyar da yara da harsunan gida a wasu makarantu. A Nijeriya ma an daɗe ana kai-komo kan koyar da yaran firamare da harshen uwa. Amma harshe ba ya rayuwa da takardar doka kaɗai, yana rayuwa ne a inda yara ke ɓata lokacinsu, a yau kuwa wani kaso mai yawa na wannan lokaci a kan fuskar waya yake tafiya. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya saka a 2016, matasanmu kuma suna ta rubuta Wikipedia ta Hausa don sa kai. Duk waɗannan sun yiwu ne saboda an gina su ta yadda kalmomi ke zaune dabam da inji, ana iya zare na wani harshe a saka na wani. Ko fina-finan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa a Kano, abin da ya sa aka iya shi ne murya dabam take da hoto. Amma fagen wasanni har yanzu kusan fayau yake, kuma babu wani kamfani a Turai ko Sin da zai ɗauki ma'aikaci don ya fassara wa yaran Gidan Sori ko Tibiri ko Gazawa wasan lissafi. In za a yi, irin wannan matashi na rumfar caji ne zai yi, da malaman makaranta, da ɗaliban jami'a. Duk wasan da aka niƙe kalmominsa a ciki, an yanke wa Hausa hukuncin zama a waje ke nan.

Kada kuma a ɗauka cewa da zarar an warware zaurancen an gama. Idan aka niƙe kalmomi cikin manhaja, sau da yawa kowace jimla tana da iyakar gurbin da aka yanka mata, jimlar Hausa kuwa takan fi ta Ingilishi tsawo, in ta zarce gurbinta sai wasan ya rushe. Haka nan idan siffofin haruffa ma a ciki aka dafa su, ba za ka sami ɓ da ɗ da ƙ ba, balle ƴ da ake amfani da ita a rubutun Nijar, sai yaro ya riƙa karanta ƙasa a matsayin kasa, ɗaki a matsayin daki. Ko masu jin Ingilishi, da yawansu da kayan aikinsu, da suka so fassara wani wasan Japan mai suna Mother 3 wanda ya fito a 2006, sai da ƙwararrun masu sa kai suka shafe kusan shekara biyu suna fama da cikinsa kafin su fitar da fassarar a 2008. Mu wa muke da shi da zai ajiye neman abinci ya yi shekara biyu a kan wasa guda?

Akwai kuma wata asarar da ba a cika tunawa da ita ba, wato ɓacewa. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan ciwo. Masu magani nawa ne suka tafi kabari da sanin itatuwan da suka ƙi nuna wa ko 'ya'yan cikinsu? Maƙera da majema da marina nawa ne sirrin sana'arsu ya bi su? Haka abin yake a duniyar na'ura. Wani bincike da gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Jordan Mechner, wanda ya yi wasan Prince of Persia a 1989, ya ɗauka rubutun asalinsa ya ɓata har abada, sai a 2012 mahaifinsa ya ci karo da wani kwali na tsofaffin faya-fayai a gida, aka ceto shi da ƙyar, shi kuma nan da nan ya sake shi ga jama'a. Shi kansa kwafin farko na Crowther sai a wani tsohon ma'ajin bayanan Jami'ar Stanford aka tono shi, aka bayyana shi a 2007. Waya takan sauya, tsarin da ke tafiyar da ita yakan sauya, wasan da ba a iya buɗe cikinsa a gyara kuwa ranar da wayar da ke ɗaukarsa ta ƙare, ranar ya mutu.

Mu kwatanta da namu na gado. Dara, wadda ake yi a gindin bishiya daga Maraɗi har Sakkwato, gurabe ne a ƙasa da 'yan itace ko duwatsu, dokokinta a fili, kowa na kallo. Yaro yakan tsuguna a bayan manya ya yi ta kallo har ya gane yadda ake jera uku a ci na abokin karawa, wata rana a ba shi wuri. Ba wanda ya taɓa ɓoye dokar dara, kuma wannan bai hana a sami gwanaye ba, domin gwaninta a kai take. Da wanda ya ƙago ta ya sa mata kwaɗo, da ba ta kawo yau ba. Haka langa, haka kokawa, haka tatsuniya da kacici-kacici: kowane gari ya karɓa ya ƙara nasa gishiri, shi ya sa suka zama namu.

Saboda haka kiranmu na farko ga matasanmu ne masu koyon rubuta manhaja, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da waɗanda ke koyo da kansu a waya cikin dare. Mun lura da yawa daga cikinsu tun kafin su gama wasansu na farko tambayar da ke bakinsu ita ce yaya za su ɓoye cikinsa. Muna ba su shawara su juya tambayar. Ku ajiye kalmomi a fayil na dabam, cikin tsarin haruffa na Unicode da ke ɗaukar haruffanmu masu ƙugiya, ta yadda wanda ya yi da Hausa, Bazabarme ko Bafulatani ko Babarbare ko Buzu zai iya mayarwa harshensa ba tare da ya taɓa injin ba. In akwai amsoshin da ba ku so mai wasa ya leƙa, ku saka musu labule su kaɗai, ku bar sauran. In akwai maki ko kuɗi, ku riƙe su a wajenku. Ku rubuta sunanku da sharuɗɗanku a fili: abin da kuka yarda a yi da wasan da wanda ba ku yarda ba, da inda za a same ku. Ku kuma ajiye rubutun asali a wuri fiye da ɗaya. Wannan duk bai hana ku sayar da wasanku ba. A Kamaru kamfanin Kiro'o ya fitar da wasan Aurion a 2016, a Legas kuma Maliyo na yin wasannin waya tun 2012. Abin da ya fito da sunansu shi ne labari da kamannu na Afirka da suka zuba a ciki, ba a taɓa yabon wani wasa don ƙarfin kwaɗonsa ba.

Kira na biyu ga hukuma ne da ƙungiyoyin agaji da ke kashe kuɗi wajen samar da manhajojin koyarwa ga makarantu. Duk abin da aka yi da kuɗin jama'a ko da sunan yaran jama'a, a sa sharaɗi a cikin kwangila cewa za a miƙa rubutun asali, kuma kalmomi da tambayoyi za su kasance a buɗe yadda malami zai iya gyarawa ya kuma fassara. Bai kamata ɗan kwangila ya karɓi kuɗi ya miƙa niƙaƙƙen gari ya tafi da iri ba, ta yadda ko kuskuren harafi guda aka gani sai an sake nemo shi an biya. Sannan haƙƙin mai fasaha, doka ce ke kare shi. Nijar na cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangui ta 1977 kan mallakar fasaha, tana kuma da ofishin kare haƙƙin mawallafa. Nijeriya ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu a 2023. A ƙarfafa waɗannan, a sauƙaƙa wa matashi hanyar kai ƙara idan an ɗauki aikinsa an sayar, sai hankalinsa ya kwanta ya daina neman tsari a wurin da babu shi.

Kira na uku ga masu rumfunan caji da tura wasanni ne, da iyaye. Yawancin wasannin da aka ɓalle ake yawo da su a memori ba a san hannun da suka bi ba, kuma dabarar da ake ɓoye tambayar lissafi da ita, da ita ake ɓoye muguwar manhajar da ke kwashe lambobin waya da saƙonni. A zamanin da kuɗin mutane ke cikin wayoyinsu, wannan ba abin wasa ba ne. Abin da aka bari a buɗe, idanu da yawa sun gani. Abin da aka dagula kuwa, amana kawai ka ba wanda ba ka sani ba. A riƙa lura da abin da ake zuba wa yara, musamman a wayar da ake karɓar kuɗi da ita.

Ranar da za mu bar Gidan Sori mun sake biyawa ta rumfar domin karɓar wayarmu. Muka tarar matashin ya ajiye wancan wasa ya sayo littafin rubutu, yana tattara tambayoyi da Hausa daga bakin wani malamin firamare da wasu tsofaffi: sunayen itatuwa, da watannin noma, da lissafin jaka da dala, da kacici-kacici. Ya ce zai koyi yadda ake haɗa nasa ko da zai ɗauke shi shekara. Muka ce masa, “Ɗana, in Allah Ya nufa ka gama, ka tuna da wahalar da ka sha, kada ka sa wa na bayanka irin kwaɗon da aka sa maka.” Ya yi dariya ya ce ai ko yana so bai iya ba tukuna. Muna fata ko ya iya ɗin ba zai yi ba.

Allah Ya yi wa matasanmu jagora, Ya sa iliminsu ya amfane su ya amfani al'umma, amin.